Sassaben Zamani da Hukumar da ke Kusa da Gona

Duk wanda ya ratsa ƙasar Maraɗi da Damagaram a yau zai ga gonakin gero cike da gawo da kalgo da sabara, alhali shekara arba'in da suka wuce yawancinsu fili ne fetal da iska ke kwashe ƙasarsa. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta kimanin miliyan 5 a kudancin Nijar. Akan ba da wannan labari a matsayin nasarar wata dabarar noma. A ganina tarihin mulki ne: itacen ya dawo ne lokacin da iko a kansa ya baro hannun hukuma mai nisa ya koma hannun mai gona da hukumomin da ke zaune kusa da shi.

Asalin matsalar ya girmi fari. Dokar daji da Faransa ta kafa a 1935, wadda Nijar ta gada kuma ta sabunta a 1974, ta sanya itatuwa masu daraja irin su gawo ƙarƙashin ikon gwamnati ko da a tsakiyar gonar mutum suka tsiro. Manomin da ya sare reshe ba da izini ba, tara ce ke jiransa a hannun ma'aikatan gandun daji. To, mene ne amfanin renon abin da zai jawo maka tara? Sai manoma suka riƙa share toho tun yana ƙarami, malaman gona kuma suna yaba wa mai gonar da ba ko tsinke. Da farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo baya, ƙasa ba ta da abin da zai tare mata iska, har mutum kan yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya saboda yashi ya binne iri. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji sun kashe kuɗi mai yawa wajen dashe, an kuma samu wuraren da aka dace, kamar layukan darbejiya na kwarin Majiya a jihar Tawa, amma akasarin dashen ya mutu domin ba mai shi.

A 1983 Tony Rinaudo, wani ma'aikacin mishan daga Ostareliya da ke Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sharewa kowace bazara toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye. Aikin bai wuce manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya rage sauran ba, shi ne ake kira sassaben zamani. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoman Hausa. Abin da ya rage shi ne tabbacin cewa wanda ya rena shi zai ci, kuma wannan tabbaci a ƙauye aka fara gina shi. A Ɗan Saga da ke yankin Agiye, mutanen gari sun kafa kwamiti mai ɗauke da manoma da mata da makiyaya, yana sa ido a kan masu saran dare, mai gari yana yanke hukunci. Doka ta bi sawu daga baya: tsarin dokokin karkara na 1993 ya kawo kwamitocin filaye, dokar daji ta 2004 ta sassauta, a shekarar kuma aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi, sannan a 2020 gwamnati ta amince a rubuce cewa itacen da manomi ya rena nasa ne.

Wasu za su ce ruwan sama ne kawai ya dawo bayan 1990. Gaskiya damina ta gyaru, amma ruwa bai san iyaka ba, kuma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna wurare a kan iyakar Nijar da Najeriya inda gonakin arewa suka fi na kudu yawan itace nesa ba kusa ba, alhali kudun bai gaza arewa samun ruwa ba. Wasu kuma za su ce ƙananan hukumomi ba su cancanci yabo ba tunda a 2004 aka zaɓe su, bayan aikin ya yi nisa. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, sai dai kwamitin ƙauye ba shi da iko a kan ɓarawon itace daga wani gari, haka nan ba zai iya shata burtalin da ya ratsa garuruwa goma ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na makiyaya, domin itacen da ya zama na mai gona yana iya zama haramtacce ga mai garke da ya saba sassaƙo ganyen gawo da rani. Inda aka zaunar da Fulani a kwamiti an samu sauƙin rikici, inda aka bar su a waje kuwa an sayi fitina.

Saboda haka ƙaramar hukumar da ke son tunkarar sauyin yanayi, a Katsina take ko a Jigawa, kada ta tsaya ga bikin dashen itace na shekara-shekara. Ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a rubuce, ta tsare burtali, ta kuma ba makiyayi kujera a wurin da ake yanke shawara.