Fim ɗin Amina da Mu Masu Koyon Rubutu

A Nuwamba 2021 Netflix ya saki fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, nan take gardama ta kaure. Masu suka sun ce tufafin ba na Zazzau ba ne, ga Sarauniya tana magana da Turanci. Wannan ƙorafi yana kan hanya.

Sai dai wasunmu sun wuce nan, suna magana kamar tarihin Amina a yanke yake. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya sanya ta zamanin Sarkin Kano Dauda, 1421 zuwa 1438. Ruwayar Zazzau kuwa ta ce 'yar Bakwa Turunku ce, a ƙarni na 16. Tazarar ta haura shekara ɗari.

Ashe kuskure daban, saɓanin ruwaya daban. Mu da muke burin rubuta labarin Rano Autan Bawo, daga Zamna Kogi har zuwa ƙauyukanmu irin su Fassi, wannan tarko yana jiranmu. Mu tambayi dattawa fiye da ɗaya, mu duba abin da aka rubuta. Inda ruwayoyi suka rabu, mu faɗa wa mai karatu wadda muka ɗauka da dalilinmu.