Wanda Ya Biya Malamai, da Ƙofar da Aka Bari a Buɗe

Duk wanda ya nazarci tarihin ilimi ya san malami ba ya samun natsuwar bincike sai wani ya ɗauke masa nauyin ci da sha, kuma mai ɗaukar nauyin nan, ko da bai furta ba, shi ne yake nuna wa ilimin alƙibla. Haka al'amarin ya kasance ga fannin nan na haɗa kayan amfanin yau da kullum da intanet.

Asalin abin daga tsoro ne. Da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik a 1957, hankalin Amurka ya tashi, sai a 1958 ta kafa hukumar ARPA a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, ta ba ta dukiya ta riƙa raba wa jami'o'i. Da wannan dukiya aka haɗa kwamfutoci, har ran 29 ga Oktoba 1969 aka aika saƙo daga jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas zuwa cibiyar bincike ta Stanford, harafi biyu kaɗai suka isa, na'urar ta tsaya. To, da yake malaman nan jama'a ce 'yar kaɗan, sun san juna, akwai amana tsakaninsu, sai suka rubuta ƙa'idojinsu a sarari domin kowa ya karanta ya gyara, wanda hakika alheri ne babba, amma ba su damu da kuba ba, gama ba su zaci ɓarawo zai shigo zauren karatu ba.

Kayan gida kuwa da wasa suka shigo. A 1982 ɗalibai a jami'ar Carnegie Mellon, saboda ƙyuyar tattaki a banza, suka haɗa injin sayar da lemo da kwamfuta, domin su san ko akwai mai sanyi kafin su tashi. Sai a 1999 attajirai suka sa hannu, lokacin da kamfanonin Procter & Gamble da Gillette suka ba da kuɗi aka buɗe cibiyar Auto-ID a jami'ar MIT, inda Kevin Ashton, wanda ya raɗa wa fannin suna, ya yi aiki. Muradinsu bayyananne ne: ɗan kasuwa ya san inda hajarsa take daga masana'anta har kanti. Mai wannan niyya araha yake nema, alhali tsaro tsada gare shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne an riga an ga ishara. A Nuwamban 1988 wata manhaja mai yaɗa kanta ta durƙusar da dubban kwamfutoci, kuma sai bayan musibar ta auku waccan hukuma ta ma'aikatar tsaro ta ba da kuɗi aka kafa cibiyar CERT mai kula da tsaron kwamfuta, a Carnegie Mellon ɗin nan dai. Duk da haka aka ci gaba da ƙera kayan, ana sayarwa da kalmar sirrin da aka sa musu tun daga masana'anta, masu saye kuwa ba su ma san da ita ba, balle su sauya.

Ran 21 ga Oktoba 2016 manhajar Mirai, wadda ta mallake kyamarori da makamantansu bila adadin, ta afka wa kamfanin Dyn, wanda yake sada jama'a da shafukan intanet, har Twitter da Netflix suka gagari jama'a da yawa a Amurka. Makaminta kuwa jerin kalmomin sirri ne na masana'anta, guda sittin da 'yan kai.