Wadatar Zuci: Wa Aka Yi Wa Nasihar Tun Farko?

Duk mai kallon finafinan mu ya san wajen nan: matar talaka ta na ƙorafin cefane, sai a kira gyatumar ta ta zaunar da ita, ta yi mata nasihar wadatar zuci. To, mutanen Sin ma su na da irin wannan karin magana. Kalmomi huɗu ne kacal, "zhi zu chang le", wato wanda ya san ya ƙoshi ba ya rabo da farin ciki.

Tushen sa na cikin Dao De Jing, wani ɗan littafi mai babi 81 da ake danganta wa dattijo Laozi. An haɗa shi ne a zamanin da sarakunan ƙasar ke cin garuruwan juna da yaƙi, rikicin da bai lafa ba sai shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 1973 an tono tsofaffin kwafensa biyu, rubuce a kan siliki, daga wani kabari a Mawangdui.

Abin da ya ja hankali na shi ne babi na 46, inda maganar ta fito. Da zancen dawaki ya fara. Idan ƙasa na zaune lafiya, doki taki ya ke kaiwa gona. Idan kwaɗayi ya hau kan masu mulki, har goɗiya a fagen daga ta ke haihuwa. Kun ga ke nan da masu dawaki ake, ba da mai fartanya ba.

Mu a Zamfara ba sai an fassara mana ba. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Iyayen su neman na tuwo su ke, su na daka dutse a tsakar gida. Ribar kuwa wasu ta tafi wa. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar saboda 'yan bindiga, sai Disambar 2024 ta ɗage. A tsakanin nan manoma da dama a Tsafe da Bunguɗu sai sun biya 'yan bindiga kuɗi kafin su girbe abin da su ka shuka, wasu kuma su ka yi gudun hijira zuwa Gusau.

Wannan manomin me za a ce ya rage? Marubutan mu da daraktoci, don Allah a fim na gaba a zaunar da Alhajin a tabarmar, a bar baiwar Allah nan da cefanen ta.