Abin da rashin iska ke yi wa ƙwaƙwalwar wanda ya nutse a ruwa

A ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgin ruwa da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da fiye da mutum 150 ya tarwatse a kusa da Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi. Kaɗan ne aka ceto da rai. Bayan irin wannan haɗari, hukumomi kan ƙirga gawawwaki da waɗanda suka tsira, amma ba kasafai ake bin sawun wanda aka tsamo a sume ba, alhali haɗarin da ke kansa bai wuce ba.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. Idan iskar ta yanke, makamashin ƙwayoyin jijiya kan ƙare cikin 'yan mintuna. Daga nan famfon da ke fitar da gishirin sodiyam daga cikin ƙwayar ya tsaya, ruwa ya shige ta, ta kumbura. Sinadarin gulutamet, wanda ƙwayoyin ke aika saƙo da shi, sai ya malalo fiye da kima, ya buɗe wa kalsiyam ƙofa, shi kuma ya tayar da sinadaran da ke narkar da ƙwayar daga ciki. Lahani mai ɗorewa kan fara ne tsakanin minti 4 zuwa 6. Ruwan ƙanƙara na iya tsawaita wannan wa'adi, sai dai ruwan Tafkin Kainji ba shi da irin wannan sanyi.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, dawowar iskar ma tana da nata ɓarnar. Sassan ƙwayar da ke samar da makamashi, waɗanda suka riga suka jikkata, kan mayar da wani ɓangare na oksijin ɗin ya zama gurɓatattun sinadarai masu cin fatar ƙwaya, sannan kumburi ya biyo baya. A 1982, masanin Japan Takaaki Kirino ya nuna a jikin wasu ƙananan dabbobi dangin ɓera cewa ƙwayoyin sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe sabon tunani ba sa mutuwa nan take, sai bayan kwanaki da dawowar jini. Wannan na daga cikin dalilan da wanda aka farfaɗo da shi kan iya shiga farfaɗiya daga baya, ko ya zama mai yawan mantuwa, dangi su ɗauka iskokin ruwa ne suka taɓa shi.

Duk da haka, babu dalilin jinkiri, domin girman ɓarnar ta biyu ya dogara ne ga tsawon lokacin da iska ta yanke. Masana ceton rai sun ce a fara da hura wa mutum iska baki da baki, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji. Matse ciki don fitar da ruwa, da aka saba yi a bakin kogi, ɓata lokaci ne, kuma yana iya jawo amai ya shiga huhu. Ko da mutum ya farka yana magana, asibiti ya kamata ya nufa, domin huhun da ruwa ya shiga na iya gazawa bayan wasu sa'o'i.

A gaɓar Yauri, Ngaski da Shanga, masunta da direbobin jiragen ruwa ne kan fara isa wurin haɗari, don haka waɗannan mintuna na farko a hannunsu suke.