Haɗa Karatun Jami'a da Neman Na Kai a Nijeriya: Nazari a kan Tasirin Jadawali

Wannan maƙala tana nazarin halin ɗalibin jami'a da ke haɗa karatu da sana'a. Matsayarta ita ce, rashin tsayayyen jadawalin karatu ya fi aikin kansa cutar da shi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya tura ɗalibai kasuwa: wasu suka kama sana'ar POS, wasu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, wasu jiran shago a Kantin Kwari ko koyarwa a makarantun kuɗi. Da aka koma aji, ba kowa ne ya iya sakin abin da ya rufa masa asiri ba. Sai kuma aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, kuma a shekarar ne jami'o'in tarayya da dama, har da Jami'ar Bayero ta Kano, suka ƙara kuɗin rajista.

Wasu ƙasashe sun daɗe da tsara wannan lamari. A Birtaniya, baƙon ɗalibi mai karatun digiri yana da izinin aikin sa'o'i 20 a mako lokacin zangon karatu, Amurka kuwa tun 1964 gwamnatinta take tallafa wa shirin bai wa ɗalibai aiki. Amma irin wannan ƙayyadewa tana amfani ne inda ɗalibi ya san lokutan darussansa tun farkon zango. A nan Nijeriya kuwa, ɗalibi yakan yi alkawari da maigidansa cewa zai zauna shago ranar Asabar, sai da daren Juma'a wakilin aji ya sanar ta WhatsApp cewa an mayar da lacca ƙarfe takwas na safe, kuma za a yi gwaji. In ya je aji, ya saɓa wa mai ba shi na abinci. In ya je shago, ya rasa maki, ga kuma ƙa'idar halartar kashi 75 cikin ɗari na darussa kafin a shiga jarrabawa. Wannan asara ba ta da alaƙa da lalaci ko ƙarancin basira, kuma abin takaici ne a ce ɗan talaka ne kullum yake ɗaukarta.

Za a iya cewa mai son aiki ya nemi karatun wucin gadi na ƙarshen mako. Sai dai wanda ya gama ta wannan hanya ba a tura shi hidimar ƙasa, kuma kuɗin karatun yakan fi yawa, ga shi rashin kuɗin ne ya kai shi neman aiki tun farko. Wasu kuma za su kafa hujja da bashin karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024. Bashin ya rage nauyin rajista, babu musu, amma naira 20,000 da ake bayarwa a wata don ɗawainiya ba ta kai sulusin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta malamai: ɗakunan karatu sun yi kaɗan, darussa suna cin karo, don haka dole a riƙa ɗage lacca. Gaskiya ne, amma ƙarancin ɗaki bai hana majalisar malaman jami'a kafa doka ba cewa kada a sauya lokacin darasi ko a yi gwaji sai da sanarwar mako guda, kuma wannan ba ya buƙatar ko kwabo daga gwamnati.