Hanyar Timiya, hanyar kakanni

'Yan uwa, a lakkwal an koya mana tsaunukan Faransa har muka haddace, amma Abzin layi biyu ne a kaye. Alhali tarihin Gobir daga can ya gangaro: Gobirawa sun zauni Abzin kafin su yo kudu, su kafa Birnin Lalle, sannan Alƙalawa, har Tsibiri nan kusa da Maraɗi.

Wanda ya bar Agadas ya doshi Timiya, kilomita ɗari biyu da 'yan kai, zai shiga kwazazzabo tsakanin baƙaƙen duwatsu. Inda mota ta gaza sai ƙafa, ko jaki. Kana haki, kwatsam ga garaken lemu da rumman da dabino, ga ruwa na zubowa daga kan dutse cikin tafki. Waɗannan siraran hanyoyi da turis suka riƙa biya a zaga da su, ba don yawon buɗe ido aka fasa su ba. Sawun raƙuman ayari ne, masu kai hatsinmu Bilma su komo da gishiri.

Gaba can arewa akwai kufan Asode, babban birnin Abzin na dā. Bayan yaƙin Kawusan na 1917 ya watse, sai bangaye.

UNESCO ta sa yankin Abzin da Tenere cikin kayan gādon duniya a 1991. Shekara guda tak, tawaye ya jefa shi jerin wuraren da ke cikin haɗari. Na 2007 kuwa ya kore sauran baƙin, 'yan jagora da yawa suka koma garka, daga baya wasu suka nufi haƙar zinariya Jado.