Azara da Murhu: Tarihin Ɗakin Talaka a Ƙasar Buza

Duk wanda ya tashi a ƙasar Adar ya san cewa gida yana cin itace ta wuri biyu: ta sama, inda ake shimfiɗa azara a yi rufi, da kuma ta ƙasa, inda tukunya ke zaune a kan duwatsu uku. Wanda ke son ya fahimci yadda ɗakin talaka ya sake kama a Buza da Keita da Madawa cikin shekaru 50 da suka wuce, sai ya bi sawun itacen nan. Ina ganin malamai ƴan'uwana za su sami abin koyarwa a ciki, domin yau ana ta yi mana wa'azin gida mai lafiya wanda ba ya ɓata muhalli, kamar wani sabon ilimi ne da ya sauko daga jirgi.

Kakanninmu sun yi gini da abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. A haƙo laka, a cuɗa ta da ramno, a bar ta ta kwana, a yi tubali. Katanga mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ba ta sakinsa sai dare, lokacin da mutanen gida suka riga suka fita tsakar gida da tabarminsu. Da hunturu kuma ta riƙe ɗumi. Manyan rumbunan laka da ke tsaye kamar tuluna a ƙauyukanmu shaida ne cewa Adarawa sun daɗe da sanin yadda ake lanƙwasa ƙasa ta tsaya da kanta. Amma kada mu yi wa jiya ado fiye da kima. Ɗakin da na girma a ciki taga ɗaya gare shi, ba ta fi tafin hannu biyu ba, kuma da damina a cikinsa ake girki. Kunkunniya ta mai da rufin baƙi ƙirin, idanun mahaifiyata kullum jajaye, mu yara kuma tari ba ya rabuwa da mu. Mun ɗauka haka duniya take.

Farin 1973 da 1974 ya sauya lissafi. Itatuwa suka mutu a tsaye, waɗanda suka rage gatari ya bi su, mata suka koma dafa tuwo da kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya zauna a gona ya zama taki. A kwarin Majiya iska ta sami fili tana kwashe ƙasa, tana binne hatsi tun yana tsiro. A 1975 ma'aikatan gandun daji na Buza, tare da ƙungiyar CARE ta Amurka, suka fara dasa dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, layi bibbiyu, da tazarar kimanin mita 100 tsakanin wannan shinge da wancan. Manufar ita ce a karya ƙarfin iska, kuma an karya, har shingayen suka kai ɗaruruwan kilomita. Sai dai amfanin da ya shiga cikin gida ya zo daga baya: da itatuwan suka girma aka fara sassabe kawunansu, suka ba da sandunan rufi da makamashi, kuma suka sake tofowa. Itacen da asalinsa Indiya ne ya zama ɗan gari, har yau da wuya ka shiga gida a Buza ba ka tarar da inuwarsa a tsakar gida ba.

Shekarar 1984 ta zo da wani farin. A cikinta aka yi babban taron Maradi kan yaƙi da hamada, zamanin Seyni Kunce, kuma a cikinta aka buɗe furojen Keita da kuɗin ƙasar Italiya, ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Maza da yawa sun tafi ci-rani, don haka akasari mata ne suka ɗauki dutse a ka, suka jera shi a gangaren tuddai don tare ruwa, suka dasa miliyoyin itatuwa, ana biyan su da abinci. Waɗannan matan su ne kuma masu tafiyar neman itacen girki. A shekarun nan ne aka yaɗa murhu na zamani a Nijar: Mai Sauƙi na ƙarfe, wanda maƙera ke yi a birane, da Albarka na laka, wanda mace za ta gina da hannunta ba tare da ta kashe ko dala ba. Hikimar ba ta da wuya. Murhun duwatsu uku yana barin iska ta watsa wutar, shi kuwa wannan yana kewaye gindin tukunya, zafi ya tafi inda ake bukatarsa. Da yawa sun fashe bayan damina ɗaya ko biyu, ba a sake gina su ba, domin masu furoje sun ƙirga murhu sun tafi. Abin takaici ne, ganin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara. Matatar man Zinder da aka buɗe a 2011 ta kawo iskar gas, amma tukunyar gas ta fi ƙarfin aljihun mafi yawan ƙauyawa.

Ta fuskar rufi ma ba a zauna ba. A Yama, nan cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a a 1962. Daga baya ya sake rufinsa da bakan gizo da tulluwa, yana ɗaure siraran sanduna dami-dami yana lulluɓe su da laka. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan. A Cikal ta ƙasar Filinge kuwa, a 1980, aka gwada ginin da ba ya bukatar itace ko ɗaya, da fasahar mutanen Nuba wadda Hasan Fathi na Masar ya farfaɗo da ita: tubali kan tubali har rufin ya haɗe. An horar da magina a Nijar da Mali da Burkina Faso.

To me ya sa kwano ya ci kasuwa? Domin ɗan ci-rani da ya dawo daga Abijan ko Legas ko Libiya yana son a hango daga nesa cewa bai dawo hannu banza ba. Ban ga laifinsa ba, kwano ba ya son yaɓe kowace shekara. Amma ni da nake koyarwa a ƙarƙashinsa na san kuɗinsa na gaskiya. A watan Afrilu, da ƙarfe 12 na rana, aji ya zama tanda, ba Faransanci ba Hausa; ruwa kuma in ya sauko, sai in yi shiru, don ba mai jin muryata.

Akwai ƙorafi mai nauyi a kan laka, kuma bai kamata a kauce masa ba. Ruwan 2024 ya kashe mutane fiye da 300 a Nijar, da yawa cikinsu gini ne ya faɗo musu, har tsohon masallacin Birnin Zinder ya rushe. Sai dai tsofaffin magina sun san inda ruwa ke kama katanga: ta gindi, inda ya kwanta, da ta sama, inda indararo ya toshe. Mutanen Adar kuwa sun yi sa'a, dutsen da ke hana garma tafiya a gonakinsu kyauta ne. Maƙwabcina, manomi ne mai ƴaƴa bakwai, ya tara shi da amalanke cikin rani biyu, ya yi harsashi har gwiwa kafin ya ɗora tubali. Ya buɗe taga biyu suna kallon juna, ya sa musu raga saboda sauro, ya mai da murhu ƙarƙashin rumfa a waje. Sandunan rufin daga bedin gidansa ya sare su. Abin da ya saya da kuɗi ƙofa ce, da raga, da indararo uku.